Yadda Za Ka Kafa Kwamitin Mashawarta a Kamfaninka Ba Tare da Ka Tara 'Yan Amshin Shata Ba

A takardun da ke hannun hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kamfaninmu na matsar man gyaɗa da na waken soya a Sharaɗa yana da daraktoci huɗu: Alhaji mahaifinmu, Baffa ƙanensa, Yayana, sai ni. A zahiri kuwa darakta ɗaya ne. Zaman daraktocinmu shi ne ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a falon Alhaji, kwanukan abinci a tsakiya. Alhaji ya ce abu kaza za a yi, Baffa ya ce "haka ne Yaya", mu kuma mu sunkuyar da kai. In banki ya nemi takardar ƙudurin daraktoci, lauya ya buga ya aiko, kowa ya sa hannu a inda aka yi masa alama da fensir.

Ba gazawar Alhaji nake faɗa ba. Mutumin da ya fara da awon gyaɗa a Dawanau har ya kai ga kafa inji ya fi mu sanin kasuwa nesa ba kusa ba. Abin da babu a falon nan shi ne mutumin da zai iya buɗe baki ya ce masa wannan lissafin bai fita ba. Ɗa ba ya faɗa, ƙane ba ya faɗa, ma'aikaci kuwa albashinsa yake karewa. Shekarar 2023 ce ta nuna mana tsadar wannan shirun. Da farkonta aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Muna ta sayar da mai, tireloli na fita, amma kowane ƙarshen wata sai mun yi ƙarambaniya kafin a biya albashi. Babu wanda ya iya cewa ga inda kuɗin ke maƙalewa.

Daga nan muka kafa kwamitin mashawarta. Sau biyu muka kafa shi, don na farkon bai yi ba. Abin da zan faɗa a nan na mai matsakaicin kamfani ne, musamman na gado, irin wanda maigida da iyalansa ne daraktoci.

Ka fara sanin abin da kake kafawa

Kwamitin daraktoci da kwamitin mashawarta ba abu ɗaya ba ne, kuma mafi yawan rigimar da nake ji daga cakuɗa su take tasowa. Daraktoci doka ce ta san da su. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990, ta ɗora wa darakta amanar kamfani. Shi ke yanke hukunci, shi ke sa hannu, sunansa na rajista, in an yi ha'inci ko sakaci shi za a tuhuma. Dokar ta yarda ƙaramin kamfani ya zauna da darakta ɗaya tak, sauran kamfanoni kuwa aƙalla biyu. Ka'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018 da hukumar kula da rahoton kuɗi ta FRC ta fitar su ma a kan daraktoci suke magana, kuma sun fi shafar kamfanonin da ke sayar wa jama'a hannun jari.

Mashawarci ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan. Ba ya kaɗa ƙuri'a, ba ya sa hannu a cek, ba ya korar ko da maigadi. Kamfani ne ya gayyato shi don radin kansa, ya duba ya faɗi abin da ya gani. Hausawa sun riga sun gama bayanin: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da wannan karin maganar ma na shawo kan Alhaji, domin tsoronsa na farko shi ne za a kawo masa baƙi su zauna a kan dukiyarsa.

Akwai tarko ɗaya da lauyanmu ya nuna mini, kuma ka riƙe shi da kyau. Dokar CAMA tana ɗaukar duk mutumin da daraktoci suka saba aiki da umarninsa a matsayin darakta, ko da sunansa bai taɓa shiga rajista ba. Ni ina kiransa daraktan bayan fage. Dokar ta ware ƙwararren da ya ba da shawara a fagen sana'arsa, amma in ya zama duk abin da kwamitin mashawarta ya ce shi daraktoci ke yi ido rufe, to ranar da kamfani ya shiga matsala ana iya jawo waɗannan bayin Allah cikin shari'a. Mutumin kirki da ya san doka ba zai karɓi gayyatarka ba sai ya ga ka shata wannan iyaka a rubuce.

Kada kuma suna ya ruɗe ka. Bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, Babban Bankin Najeriya ya wajabta musu kwamitin masana da ke duba ko mu'amalarsu ta dace da shari'a. A sunansa akwai kalmar shawara, amma hukuncinsa yana hawa kan bankin, kuma sai Babban Banki ya amince da mutanen da za a naɗa. Wannan wani abu ne daban. Irin wanda nake magana a kai ya fi kama da abin da kamfanonin gado na Jamus suka daɗe suna yi, wanda suke kira Beirat: iyali su riƙe mallaka da iko, su kawo 'yan waje masu ido su zauna da su lokaci-lokaci.

Tambaya kafin suna

Kuskurenmu na farko shi ne mun fara da sunaye. Da Alhaji ya amince, sai ya ce shi zai zaɓo. Ya kawo wani mai sarauta abokinsa tun ƙuruciya, da wani tsohon kwamishina, da wani attajiri da suka yi aikin hajji tare. Dattawa ne na ƙwarai, Allah ya saka musu. Muka yi zama biyu. A kowanne an buɗe da addu'a, an yaba wa Alhaji kan yadda ya riƙe zumunci, an taɓa siyasar Kano, an ci abinci, an rufe da addu'a. Takardun lissafin da na kwana ina haɗawa, a kan kujera aka bar mini su, ɗaya ma an ɗora kofin shayi a kai.

Wannan cutar ba tamu ce mu kaɗai ba. Kamfanin Theranos na Amurka, wanda Elizabeth Holmes ta kafa tana iƙirarin za ta yi gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini daga yatsa, ya tara sunayen da ko gwamnati sai ta yi da gaske: Henry Kissinger da George Shultz, tsofaffin sakatarorin harkokin waje, William Perry tsohon sakataren tsaro, da Janar James Mattis. Mafi yawansu ba su san aikin ɗakin gwajin jini ba. Masu zuba jari suka ga sunaye suka saki jiki, har aka ƙiyasta darajar kamfanin da dala biliyan 9. Da jaridar Wall Street Journal ta tona asirin a watan Oktoban 2015, sai aka kwashe da yawa daga cikin manyan nan aka mai da su kwamitin masu ba da shawara. Kamfanin ya rushe a 2018, Holmes kuma aka same ta da laifin damfara a 2022, aka yanke mata sama da shekara 11. Babban suna yana buɗe ƙofa, amma ba ya karanta takarda.

A karo na biyu sai na zauna da Yayana muka rubuta abubuwan da ke hana mu barci. Uku suka fito. Ina kuɗinmu ke maƙalewa tsakanin sayen gyaɗa da kaka da dawowar kuɗin mai? Nawa ne ainihin abin da wuta da dizal ke ci a kowane tan da muka matse? Me ya sa mun shekara da shekaru muna sayar wa diloli ƙalilan ɗin nan, ba mu ƙaru ba? Sai da tambayoyin suka zauna sannan muka ce, wa ya san amsar wannan? Haka za ka yi. In ka kasa rubuta tambaya uku da kai da mutanen gidanka ba ku da amsarsu, ba kwamiti kake buƙata ba tukuna.

Su wa za ka kira

Mutum uku sun isa, kada ka wuce biyar. In suka yi yawa zama ya koma taro, kowa na jiran wani ya fara.

Mu mun samu wani dattijo da ya yi ritaya daga sashen ba da rance na banki, da wani injiniya da ya yi shekaru yana kula da injinan wani babban kamfanin mai, da wata Hajiya da ta riƙe sashen tallace-tallace na wani kamfanin kayan abinci a shiyyar Arewa. Babu mai rawani a cikinsu. Ita Hajiyar sai da na yi ta kai gwauro ina kai mari kafin Baffa ya yarda mace ta zauna a zaman, alhali matan gida da masu tuyar ƙosai da awara su ne ke ƙarar da man da muke matsewa. A zamanta na farko ta tambaye mu wa ke sayen manmu bayan ya bar hannun dila a Kasuwar Singa. Muka kalli juna.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi yanzu. Mutumin nan, yana cin abinci a hannunmu? In eh, a bar shi. Lauyan kamfani, akanta, mai binciken kuɗinku, manajan bankin da ke riƙe da asusunku, dilan da ke ɗaukar kayanku bashi, duk suna da amfani, amma kowannensu yana da abin da yake karewa. Mai binciken kuɗi ma aikinsa ya hana shi, don ba zai ba da shawara da safe ya dawo ya binciki sakamakonta da yamma ba. Suruki kuma, ko ya fi kowa ilimi, kunya za ta ɗaure masa baki.

Ma'auni na biyu: ya taɓa ce wa wani babba a'a? Ka bincika a wurin waɗanda suka yi aiki da shi. Dattijon bankin nan, abin da ya sa na nace sai shi, labarin da na ji ne cewa ya taɓa ƙin sa hannu a rancen wani mai faɗa a ji, aka yi masa canjin wurin aiki, bai janye ba.

Na uku, shekaru. In maigida dattijo ne, ka tabbata aƙalla mutum ɗaya a kwamitin sa'ansa ne ko ya girme shi. Gaskiyar da Alhaji ba zai karɓa daga bakina ba, ya karɓe ta daga bakin mai furfura irin tasa. Wannan ba ya cikin littattafan da ake koyarwa a makarantun kasuwanci, amma a Kano shi ne rabin aikin.

Ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya. Ka faɗa masa tambayar da ta sa ka zo, da yawan zaman da za a yi a shekara, da abin da za a ba shi. In ya amsa nan take bai tambaye ka komai game da kamfanin ba, ka sake tunani.

Takarda

Shafi biyu sun wadatar, lauya ya duba, daraktoci su zartar da ƙudurin kafa kwamitin su ajiye a fayil. Takardar ta faɗi ƙarara cewa mutumin mashawarci ne, ba darakta ba, ba ma'aikaci ba, kuma ba shi da ikon ƙulla wata yarjejeniya ko yin magana da sunan kamfani. Ta faɗi wa'adi. Namu shekara biyu ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Ta ɗaure shi da riƙe sirri, har bayan ya bar kwamitin. Ta wajabta masa bayyana duk wata alaƙa da yake da ita da abokan gasarku ko masu kawo muku kaya. Ta faɗi alawus, ta kuma faɗi cewa kowane ɓangare na iya janyewa da sanarwar wata ɗaya ba tare da ba da dalili ba.

Wasu za su ce ai tsakaninmu amana ce, takarda ta mece ce. Alhaji ma ya faɗa. Dattijon bankin ne ya amsa masa: "Alhaji, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka." Aka yi dariya, aka sa hannu.

Kada ka buga sunayensu a takardar wasiƙun kamfani ko a shafinku na intanet ƙarƙashin kalmar daraktoci. Kada ka kai su banki ka gabatar da su kamar su ne masu kamfani don a ba ka rance. Yin haka yaudarar bankin ne, kuma jefa su ne cikin tarkon da na ambata.

Maganar kuɗi

Ka biya su. Shawarar kyauta ba a cika karanta takardunta ba, kuma kai ma ba za ka iya ce wa wanda ke yi maka alfarma ya zo a kan lokaci ba. Mu alawus muke bayarwa a kowane zama, ta asusun banki, da kuɗin mota, akanta ya shigar a littafi ya cire harajin da ya kamata. Ba ambulan a aljihu ba. Yadda muka tsayar da adadin shi ne muka duba abin da ƙwararre irinsu zai caja na aikin yini biyu, yini ɗaya na karatu, yini ɗaya na zama.

A Amurka sababbin kamfanonin fasaha sukan biya mashawarta da hannun jari, galibi ƙasa da kashi 1 cikin 100, ana sakar musu shi kaɗan-kaɗan cikin kamar shekara biyu. Ga matashin da ke gina manhaja ba shi da tsabar kuɗi, wannan na da ma'ana. A kamfanin gado ban ba ka shawara ba. Hannun jari ba ya ƙarewa da wa'adi. Ranar rabon gado za ka tarar da magadan wani a teburin. Kada kuma ka ɗaura ladansu a kan ribar shekara, don wani lokaci shawarar da ta dace ita ce wadda za ta rage ribar bana.

Zaman kansa

A nan ne ake samu ko a rasa, don haka zan daɗe a kai.

Muna zama sau huɗu a shekara, amma ba mu raba su daidai da kalanda ba, da kasuwarmu muka raba. Zama mafi muhimmanci shi ne na kafin kaka, wajen watan Satumba, lokacin da za a yanke buhu nawa za a saya a zuba a sito da kuma da kuɗin wa. Kai ma ka dubi inda babbar shawarar shekararka take faɗowa, ka sa zama mako uku kafin nan. Shawarar da ta zo bayan an loda tirela ta'aziyya ce.

Mako guda kafin zama nake aika musu takardu, kuma ba sa wuce shafi shida: abin da aka sayar, abin da aka kashe, bashin da ake binmu, bashin da muke bi da sunan kowane dila da kwanakin da ya yi, kayan da ke sito, sai tambaya ɗaya ko biyu da muke so a tattauna. Ka ba su lissafin gaskiya. Na san kamfanoni da yawa na da littafi biyu, har uku, na banki daban, na haraji daban, na maigida daban. In na ado za ka ba mashawarta, ka huta da kuɗin alawus. Likita ba ya warkar da ciwon da aka ɓoye masa.

Ba a falon Alhaji muke zama ba. A falonsa kowa baƙonsa ne, baƙo kuwa ba ya kushe tuwon gida. Muna zama a ofishin masana'anta, ana jin ƙarar inji, kuma kafin a zauna sai an zaga an ga sito. Ba Alhaji ke shugabantar zaman ba, dattijon bankin ne. Na roƙi Alhaji alfarma ɗaya: ya zama na ƙarshe da zai yi magana a kan kowane batu. Duk inda maigida ya fara faɗin ra'ayinsa, sauran sai su koma neman hanyar yarda da shi. Ya sha wuya a zaman farko, na ga yana ta murza carbi, amma ya daure.

A wannan zaman ne dattijon ya sa tabarau, ya bi jerin bashin da yatsa, ya ɗago ya ce, "Alhaji, kuɗin da ka karɓo a banki kana biyan ruwa a kansa, kwana nawa yake yi a hannun dilolinka ba su biya ka ko sisi a kai?" Alhaji ya ce ai mutanen arziki ne, tun iyayensu ake tare. Ya ce, "Ban ce ba mutanen arziki ba ne, ranka ya daɗe. Kwana nawa?" Babu wanda ya sani. Da muka koma muka ƙirga, sai ga shi wasu suna juya kuɗinmu sau biyu kafin su dawo da shi. A lokacin Babban Banki na ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa, har ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuwa ya haura haka. Ashe mu ke ciyo bashi mai tsada muna raba wa mutane jari kyauta. Wannan tambayar ni ma na taɓa yin ta a zuciyata. Bambancin shi ne shi ya iya yin ta da ƙarfi, ya kuma maimaita.

Awa uku sun isa. Rabin awa na farko a bi abin da aka ce za a yi a zaman baya, an yi ko ba a yi ba. Kada ka ɓata lokaci kana karanta musu abin da ka riga ka aika. Sauran lokacin na tambayar ranar ne. A ƙarshe muna fita mu 'yan gida na minti goma sha biyar, mu bar su su uku, sannan shugabansu ya kira Alhaji shi kaɗai. Abin da ake faɗa a wannan ganawar ban sani ba, kuma na fahimci wani lokacin ni ake tattaunawa. Haka ya kamata.

A rubuta bayanin zama, amma a kula da lafazi. A rubuta "kwamiti ya ba da shawarar", kada a rubuta "kwamiti ya amince" ko "kwamiti ya ba da umarni". Kada a kaɗa ƙuri'a. In ra'ayinsu ya saɓa, a rubuta duka biyun. Sau da yawa saɓanin ya fi amfani.

Bayan an tashi

Cikin mako biyu daraktoci su zauna, zama na gaske mai rubutu, su ɗauki kowace shawara su ce mun karɓa, ko mun ƙi, ko mun jingine, da dalili. Sannan a aika wa mashawarta amsar. Wannan matakin shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ke kashe kwamiti. Mutum mai daraja in ya yi magana sau biyu ya ji shiru, a na uku zai zo ya sha shayi kawai.

Ƙin karɓa ba laifi ba ne, hasali ma shi ne shaidar cewa daraktoci na aikinsu. Da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato masu samun wuta awanni mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, injiniyan ya ce kafin a yi maganar sola ko wani sabon janareta, a sa mita a kan kowane inji a auna wata guda. Muka karɓa, aka gano wani tsohon moto ɗaya mai juya inji ne ke shan wuta fiye da ƙima, aka canja shi. Hajiya kuma ta kawo shawarar mu fara zuba mai a ƙananan robobi da sunanmu, mu yi rajistarsu da NAFDAC, mu daina dogara da jarka da duro. Shawara ce mai kyau, har yanzu ina ganin ita ce gaba. Daraktoci suka ce ba bana ba, sai an rage bashin banki. Na rubuta mata dalilin. Ta kira ni ta ce, "Ɗana, ban yarda da ku ba, amma na ji daɗi da kuka faɗa mini." A zama na gaba ta sake tayar da maganar, kuma na san za ta ci gaba.

Da maganar sola ta dawo daga baya, injiniyan da kansa ya ce ƙanensa na wannan sana'ar, don haka zai faɗi abin da ya sani game da girman da muke buƙata, amma zai fita in an zo zaɓen wanda za a ba aikin. Ya fita kuwa. Ka sa wannan ya zama tambayar farko a kowane zama: akwai wanda ke da alaƙa da abin da za a tattauna yau?

Hattara da abu ɗaya: ma'aikata su fara kai ƙara wurin mashawarta ta bayan fage, ko wani ɗan gida ya riƙa zuwa gidan ɗayansu don ya samu mai goya masa baya a rikicin iyali. Ya faru da mu sau ɗaya. Dattijon ya saurari mai ƙarar har ya gama, ya ce masa duk abin da ya faɗa zai maimaita shi a gaban kowa a zama mai zuwa, ko ya janye. Ya janye.

In wa'adi ya cika

Tambayoyin kamfani suna canjawa, don haka mutanen ma su canja. Kowace shekara ka koma kan takardar tambayoyin nan ka ga ko har yanzu su ne. Namu na farko an amsa shi, yanzu abin da ke gabanmu shi ne wa zai riƙe kamfanin bayan Alhaji da yadda za a tsara hakan tun yana da ƙarfinsa, kuma muna neman wanda ya san gado da dokar kamfani duka biyu. Kada ka sauya su gaba ɗaya a lokaci guda, ka bar mai tuna abin da aka tattauna a baya.

In ka ga wani a cikinsu ya kai a ba shi iko na gaske, ka yi abin a fili: a naɗa shi darakta bisa ƙa'idar kamfani, a sanar da CAC, ya san nauyin da ya hau kansa, ya bar kujerar mashawarci. Shekara biyun da ya yi yana ba da shawara sun ishe ku sanin juna.

Wa'adin da ke rubuce shi ke sa rabuwa ta zo da sauƙi, don ba korar kowa aka yi ba, lokaci ne ya yi. Kwamitinmu na farko ba shi da takarda, saboda haka ba shi da ranar ƙarewa, kuma babu mai iya zuwa ya ce wa mai sarauta an sallame shi. Abin da muka yi shi ne Alhaji ya kai wa kowannensu turmin shadda da godiya, muka daina kiran zama. Har yau tsohon kwamishinan in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya riƙe hannuna ya ce, "Manaja, yaushe ne zamanmu na gaba?" Ni kuma in ce, "Za a sanar da ku, ranka ya daɗe."